Motata a Gindin Bishiyar Baba Kaz

"Baba Kaz, me zan gani haka?"

Bai ko waiwayo ba. Yana tsaye a gindin bishiyar cikin rigar barci da silifas, gwangwanin fenti a hagu, burushi a dama, robar iskar da ke hancinsa tana jan ƙasa har zuwa tukunyarta da ya jingine a kan ciyawa. Jiya-jiya ma'aikatan gari suka zo suka shafa wa bishiyar jan fenti, faɗin tafin hannu, alamar za a sare ta. Shi ne ya fito da sassafe yana bin jan nan da fenti ruwan toka, launin ɓawon sak.

"Kwalliya nake mata. Ko an hana?"

"Lambar gidanka tana takardarsu fa."

"Takarda ba ta riƙe zarto, Doreen. Mai zarto ja yake nema, in bai ga ja ba ya ƙara gaba." Ya tsaya ya ja numfashi sau uku. "Maimakon surutu, zo ki riƙe min gwangwanin nan."

Na karɓa na riƙe, na kasa haɗa ido da shi. Ya kalle ni, ya ci gaba da aikinsa.

Casimir Jablonski sunansa, amma a layin Kessler ba mai wahalar da harshensa, Baba Kaz kawai. Shekara ashirin da shida shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Ya yi shekara talatin da huɗu a masana'antar gilashi, ya fito da fansho da huhu ɗaya da rabi, yanzu kuma abin da ya rage ɗin ma ya fara yi masa gardama. Bishiyar irin wadda ake kira ash ce, tana kan ɗan zirin ciyawar da ke tsakanin hanyar ƙafa da titi. A doka wurin na hukumar gari ne, amma duk wanda ya faɗi haka a gaban Baba Kaz ya nemi a daina gaisawa da shi. Shi ya dasa ta a 1967, bayan cutar da ta cinye bishiyoyin elm ta bar layinmu tsirara. Marigayiya Wanda, matarsa, ita ta riƙe dashen a tsaye, shi yana tura ƙasa.

Sai ga wani koren ƙwaro ya ɓullo. Bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, yana sheƙi kamar ɗan kunne. Ya saka ƙwai a ɓawo, tsutsarsa ta shige ciki ta yi ta cin hanyar da ruwa ke bi ya hau sama, bishiya ta soma mutuwa daga ka alhali tana tsaye. Ash talatin da ɗaya ne a layinmu. A watan Mayun nan saura bakwai, shida daga ciki ko ganye ba su fitar ba. Ta Baba Kaz kaɗai ke ta maza, don shekara uku ke nan yana dama maganin ƙwari a bokiti yana zuba mata a saiwa duk farkon toho, yana yi mata magana da yaren Poland kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Abin da ya hana ni haɗa ido da shi kuwa, ni na san ta inda ƙwaron ya shigo layinmu.

Shekara biyar baya, a ƙarshen kaka, muka je wajen wani ɗan baffan maigidana Vern, can kusa da Detroit a jihar Michigan. An sare masa matattun bishiyoyi uku an faskare, yana neman wanda zai rage masa. Ni kuwa in aka ce kyauta, ba na jin kira. Muka cika a-kori-kura har bayanta ya zauna. A kan iyakar jiha ga ƙaton allo, wai an hana tsallakowa da itacen wuta. Vern ya rage gudu.

"Doreen, kin ga abin da suka..."

"Na gani, ni ma na yi makaranta. Busasshen itace ne, me zai yi wa wani? Wuce mu tafi."

Ya wuce. Vern bai taɓa cin gardama da ni ba, ranar ma bai gwada ba.

Baba Kaz da kansa ya taya mu jera itacen a jikin shinge, taku ashirin daga bishiyarsa. Ya ɗauki guda ya sansana. "Kai, ash ne! Wannan ko ɗanye ci yake. Kun yi sa'a." Sanyin shekarar bai yi tsanani ba, ko rabi ba mu ƙone ba. A watan Afrilu muka tafi Dayton mako biyu, 'yarmu ta haihu. Da muka dawo muka tarar Baba Kaz ya lulluɓe mana sauran itacen da shuɗin tamfol ɗinsa, ya danne da bulo. Na ce dattijon nan akwai kirki, ya kare mana shi daga ruwa, na gasa masa kek ɗin tuffa na kai. Sai bayan shekara biyu, da aka fara raba takardu masu hoton ƙwaron, na zauna a kicin na karanta yadda yake kwana a cikin itacen wuta duk sanyi ya fito a watan Yuni. Tun ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa a gaban tagar da ke kallon shingen ba.

Fentin Baba Kaz ya yi aiki na mako uku. A farkon Yuni sai ga Yolanda Pruitt, jami'ar kula da bishiyoyin gari, doguwa mai takalmin aiki da wuƙa a ƙugu. Ta zagaya bishiyar, ta shafa wurin da babban yatsa, ta tuntsire da dariya.

"Baba, wa ya haɗa maka launin nan? Ya fi namu kyau."

"Ban san abin da kike nufi ba, 'yata."

"To, madalla. Bari in duba ta."

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama. Ni ma na ɗaga. Rassan ƙoli sun bushe fayau, ana hango gajimare ta tsakiyarsu, ganyen duk ya tattaro ƙasa-ƙasa. Ta nuna mana 'yan ramuka a jikin ɓawon, kowanne kamar rabin wata. Sannan ta sa wuƙa ta ɓamɓare ɓawo faɗin hannu biyu, ya taso ba gardama. A ƙarƙashi kuwa zane ne birjik, hanyoyin tsutsa sun karkace sun hau juna cike da garin itace, ba inda za ka aza yatsa.

"Na ji an fito da sabuwar allura," in ji Baba Kaz. "Ta cikin jiki."

"An fito da ita. Da rabin kanta na da rai, da ni da kaina zan yi mata." Ta mayar da ɓawon wurinsa a hankali, kamar zai sake mannewa. "Baba, ash in ta mutu ba ta jira. Reshe ƙato zai ɓalle haka kawai, kuma nan yaran makaranta ke bi. Oktoba masu sara za su shigo layinku."

"Tun yaushe ƙwaron yake cikinta?" in ji Baba Kaz.

"Shekara huɗu, ko biyar. Da fiffikensa ba zai iso nan da wuri haka ba. Wani ne ya ɗauko shi a mota cikin itacen wuta. Kullum haka ne."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce na bar tukunya a wuta, na ruga gida, alhali ko ashana ban ƙyasta ba.

Kafin ƙarshen Yuli an sauko da gadon Baba Kaz falo, an sa shi jikin tagar gaba. Nas tana zuwa safe da yamma. Ni ke kai masa miyar kabeji irin yadda Wanda ta koya min, in ajiye, in gyara matashi, in goge teburin da ba shi da ƙura, in tafi. Zama ne ba na iyawa. A gida ma haka, na wanke labule sau biyu a wata ɗaya, na kwashe kayan gareji na mayar da su inda suke. Vern ya gaji da ni.

"Ko ki faɗa masa, ko ki bar mu mu sha iska."

"In faɗa masa me? Baba, ni na kashe maka abin da kuka dasa da matarka, ga miya?"

"To ki yi shiru. Da mu da ba mu ba, ƙwaron nan zai iso."

"Amma da mu ya iso."

Ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita yankan ciyawar da ya yanka shekaranjiya.

Wata rana a watan Satumba ina shirin sulalewa, Baba Kaz ya kama bakin rigata.

"Wuta ce a kujerar nan? Zauna." Na ɗofana. Idonsa yana kan taga. "Ba ki nan lokacin elm. Wata uku zarto yana kuka a layin nan. Ka fita aiki a inuwa, ka dawo rana tana dukan ƙofarka. Wanda ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Na ce mata, yi shiru, zan dasa miki wadda ba abin da ke taɓa ta." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Haka mai sayar da dashen ya ce mana, ash ba ta ciwo. Shi ya sa kowa ya dasa ash." Ya jira numfashi ya dawo. "Ni dai abu ɗaya nake roƙo, Doreen. In riga ta. Ba na son in sake jin kukan zarto a ƙofata."

Ranar Litinin ta biyu a Oktoba aka kafa alluna: kada kowa ya ajiye mota a layin daga bakwai na safe. Washegari shida da rabi na tayar da tsohuwar motata, na kai ta gindin bishiyar Baba Kaz, na kashe, na zauna ciki da kofi a fulas. Ban shawarci kowa ba, ni kaina ban san zan yi ba sai da na ga makulli a hannuna.

Shugaban masu saran wani ƙato ne mai jan gemu. Ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Uwargida, ba ki ga allo ba?"

"Na bar tabarau a gida."

"Zan kira mai jan mota fa."

"Kira shi. Ka tambaye shi ko yana jan mota da mutum a ciki."

"Haba, ke kuwa! Sa'ar uwata ce ke."

"To da uwarka ce sai ka janye ta?"

Ya cire hular kwano ya sosa kai, ya koma ya yi waya. Suka fara da matattun shidan daga can ƙarshen layi. Zarton yana kuka, injin niƙa rassa yana gurnani, na juya na kalli tagar Baba Kaz. Nas ta rufe gilashin ta kunna masa rediyo da ƙarfi. Da suka gama da waɗannan sai Yolanda ta tura su layin baya, wai can ya fi gaggawa. Duk da haka kowace safiya motarsu sai ta biyo ta rage gudu, mai jan gemu ya ɗaga min hannu, in ɗaga masa kofi. Kwana tara ina wannan zaman. Ban karanta komai ba, ban saƙa komai ba. Ido ɗaya a madubi, ɗaya a taga, in iska ta kaɗa in saurari rassan da ke saman kaina. Sau ɗaya wani busasshe ya faɗo ya lotsa min murfin inji, na kusa haɗiye harshena.

Ran Laraba, kwana na tara, Yolanda ta buɗe ƙofar ɗaya gefen ta shigo ta zauna ba sallama. Ta ga lotsawar.

"Da a kan yaro ya faɗo fa, Anti?"

Gaskiyarta ce, na sani. Ta ci gaba.

"Juma'a ce iyakata. Daga nan ba ni da ta cewa, 'yan sanda za a turo."

Da la'asar na kai miya. 'Yarsa Bernadette ta iso daga Arizona tun jiya, tana sama tana barcin gajiya. Baba Kaz ya zama ƙashi da fata, amma idon nan yana nan da tsokanarsa.

"Motarki ta mutu ne? Kullum a ƙofata."

"Inuwa nake sha."

"A Oktoba." Ya lumshe ido. "Mai taurin kai. Vern ya ga ta kansa."

Na ajiye kwanon. Na ɗauki tsumma zan goge tebur, sai na ji in na goge teburin nan yau, shi ke nan, har abada ba zan faɗa ba. Na zauna a kujerar sosai, har na jingina.

"Baba Kaz, itacen nan da muka kawo daga Detroit. Shi ne. Na ga allon hani da idona, Vern ya so ya juya, ni na ce ya wuce. Shekara uku na sani ina kawo maka miya." Na dube shi. "Ni na kashe ta. Ka yafe min, ko kar ka yafe, amma ka sani."

Ya rufe ido, sai ƙarar tukunyar iska ake ji. Na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Kek ɗin nan na tuffa," ya ce. "Kin tuna?"

"Na tamfol?"

"Ban iya cinsa ba. Kare na ba." Ya buɗe ido. "Kuna Dayton wasu mutum biyu suka zo da rigar gwamnati, gida-gida. Wa ya shigo da itace daga Michigan? Suka ce za su kwashe su niƙe kafin Yuni, amma akwai hukunci. Na hango su tun daga farkon layi. Na zaga ta baya na ja tamfol na rufe." Ya huta. "Suka zo ƙofata. Na ce a layin nan kowa gas yake ƙonawa."

"Baba..."

"Ubana ya ce maƙwabci ba ya nuna gidan maƙwabci ga mai rigar gwamnati. Can ƙasarsu Poland, wanda aka nuna ba ya dawowa. Da wannan aka raine ni." Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna taga. "Da na buɗe baki ran nan, da ƙila an yi mata allura bana. Ke kin kawo, ni na rufe. Shekara uku ina kallonki kina goge min tebur, na rasa ta inda zan fara."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuka mai majina. Wani ɓangaren baƙin ciki ne, wani kuma haushi: shekara uku mu biyu muna ɗauke da abu ɗaya, shinge ɗaya tsakaninmu, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa.

"Tsohon banza," na ce. "Ka bar ni na kusa haukacewa."

"Ke ma kin bar ni." Ya yi murmushi. "Saurara. Na gaya wa Yolanda. In an sare, gindin naku ne, a jera a jikin shinge. Ku ƙone shi tas kafin Mayu. Ko tsinke kar ya bar layin nan." Ya kama hannuna. "Kuma kar a rufe."

"Ba za a rufe ba."

"Juma'a suka ce?"

"Wa ya gaya maka?"

"Huhuna ne ya lalace, ba kunne ba. Je ki, motarki tana jiranki."

Ran Alhamis da hantsi fada ya zo daga coci ya yi masa addu'a. Ina cikin mota na ga ya shiga, na ga ya fito. Na so in shiga, amma motar masu sara ba ta riga ta wuce ba, na kasa barin wurin. Wajen sha biyu saura, Bernadette ta fito baranda ba takalmi, ta tsaya rungume da hannuwanta tana kallona. Da ganinta na gane. Daga baya ta gaya min ya sa a buɗe masa gilashin taga, ya ce yanzu ba zarto, yana son ya ji iska a ganye. Fuskarsa tana wajen taga lokacin da ya cika.

Ya riga ta da kwana ɗaya.

Juma'a shida da rabi na fito da makulli. Tun Laraba ban mayar da motar gida ba, a nan take kwana. An yi yayyafi kafin gari ya waye, ɗan ganyen da ya rage wa bishiyar ya zubo ya manne a gilashi, rawaya-rawaya, na tsaya na tsince shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Motar masu sara ta shawo kwana ta tsaya nesa kaɗan. Mai jan gemu ya sauko, ya ga baƙin ƙyallen da Bernadette ta ɗaura a ƙofa, ya cire hularsa. Bai ce in yi sauri ba.

Na tayar da motar, na ja ta taku ashirin zuwa ƙofar gidana, na kashe. Vern yana bakin shinge da safar hannu, ya riga ya share inda za a jera itacen. Na fito na waiwaya. Titi duk ya jiƙe ya yi baƙi, ganye ya rufe ko'ina, sai wuri ɗaya a gindin bishiyar, daidai tsawon motata, busasshe fes. Ganye guda ya sauko yana juyi, ya kwanta a tsakiyarsa.